Muryar Baba a Faifan da Na Goge

Ni na koya wa ƙanwata riƙe linzamin kwamfuta. Ina so a fara sanin wannan, domin yanzu a Tamale ba wanda ya tuna. Ina da ɗan shago a Kanvili, ina cajin waya, ina tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi, kuma a nan ta fara taɓa kwamfuta. Daga baya ta tafi makaranta ta karanci abin, ta dawo ta zama ita ce gwana. Har a cikin shagona, in wayar mutum ta ƙi, sai ya dube ni ya ce in tambayi ƙanwata mana. Kishi nake yi da ita, ba sai na ɓoye ba.

A shekarar Baba ta ƙarshe, duk Juma'a bayan la'asar takan je gidanmu a Gurugu ta ajiye wayarta a kan tabarmarsa, shi kuma ya yi ta ba ta labari tana naɗa. Yadda kakanmu ya biyo fataken goro har Salaga, yadda ya dawo zangon Tamale ya zauna, wa ya auri wa, wa ya yi fushi ya koma Kumasi. Ni ma ina zuwa ranar Juma'a. Nakan tsaya a hanya in saya masa wagashi, cukun nan, wajen Fulani masu tallar nono, in shigo in tarar suna dariya. Sai ya ɗago kai ya ce, "Ka zo? Ajiye can." Ya ci gaba da labarinsa da ita. Nakan zauna kaɗan in ce shago na jirana.

Da ya rasu, aka yi sadakar arba'in, na karɓi akwatinsa da carbinsa da butarsa, kamar yadda babban ɗa yake yi. Na ce wa ƙanwata muryar da ta naɗa ma kayan gida ce, a wurina za ta zauna. Ba ta yi musu ba. Ta juye komai a faifan ajiya na kwamfuta, ta share na wayarta don dama ta cika, ta miƙo mini.

"Yaya, akwai naka ciki. Ka saurara."

Na ce na ji. Da na jona faifan sai na ga da sunanta ta rubuta foldar, raina ya sosu, na rufe. Shekara biyu ban buɗe ba.

Wata rana wani ya kawo bidiyon biki mai yawa yana so in ajiye masa. Babu wuri a kwamfutata, sai na jawo faifan nan, na zaɓi tsofaffin folda da sauri na goge, na zubar da kwandon sharar kwamfutar. Sai da yamma, ina duba abin da ya rage, na ga babu foldar ƙanwata. Na sake dubawa, babu. Babu wani wuri a duniya da muryar Baba take sai nan.

Abin yi ɗaya ne, in hau babur in je Jisonayili wajenta. Ban je ba. Na hango ta zaune, tana latsa maɓalli biyu komai ya dawo, labari ya zaga dangi cewa yaya ya ɓarar, ƙanwa ta kwashe. Kwana uku ina sauko da manhajoji na dawo da fayil, wannan ta ƙi in sauko da waccan, kuma duk a kan faifan nake zuba su. Bidiyon bikin ma na ƙarasa juyewa a kai, don mai shi yana matsa mini. Matata ta gaji da ganina ina tsaki, ta ce girman kai rawanin tsiya, ta ajiye mini makullin babur a gabana.

Na sami ƙanwata da safe tana shan koko. Na faɗa mata a tsaye. Na shirya wa faɗa, na ma shirya amsa, amma tambaya ɗaya ta yi.

"Tun da ka yi dilit, ka sa wani abu ciki?"

Na ce kaɗan.

"Kaɗan nawa, Yaya?"

Na faɗa mata. Ta ajiye kofin. Sannan ta yi mini bayani a hankali, kuma hankalin nan ya fi zagi ciwo. Ta ce in an goge fayil ba ya tafiya ko'ina, sunansa kawai ake cirewa, kamar rumfar kasuwa da aka ce ba mai ita alhali kaya na ciki. Kayan suna nan har sai wani ya zo ya jibge nasa a kai.

"Da ka kawo shi ran nan, duka zai dawo. Yanzu ban sani ba koraa, ko kaɗan."

Ta jona faifan a kwamfutarta, ta kawo wani faifan daban inda abin da aka samo zai sauka. Muka zauna har azahar, layin da ke nuna ci gaban aikin yana tafiya kamar ba ya so. Ko a lokacin, ina kallon yatsunta, abin da ke raina shi ne ni na nuna mata inda ake latsawa.

Fayilolin suka dawo ba suna, sai lambobi, dole muka bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan na fara jin Baba. Ga tarinsa, ga yadda yake jan "to" kafin ya shiga labari, ga zakaran maƙwabta a baya. Yawancinsu lafiya lau. A cikin wani har na ji sallamata, na ji ya ce, "Ka zo? Ajiye can."

Can wajen ƙarshe ta buɗe wani. Baba ya yi gyaran murya ya ce mata, "Ke tashi ki ba ni wuri, wannan na yayanki ne." Aka ji tafiyar takalmi. Sai ya ce, "To. Kai babba, ka san ni ban iya magana a gaban mutum ba. Duk Juma'a in ka shigo da wagashin nan…"

Daga nan sai ƙara, shuuu, har ƙarshe. Fayil ɗin na minti ashirin ne da ɗoriya.

Na ce ta sake gwadawa. Ta gwada da manhaja biyu, ta girgiza kai. An riga an rubuta wani abu a wurin. Na ce to ta faɗa mini abin da ya ce, ai ita ta naɗa.

"Ya ce in fita, na fita. Ban taɓa sauraron shi ba, Yaya. Naka ne."

Ta rako ni har bakin ƙofa, kuma har yau ba wanda ya ji labarin a dangi. Guntun nan yana cikin wayata. Duk Juma'a bayan la'asar nakan kunna shi a shago, in ji Baba ya kori ƙanwata don ya yi magana da ni, ya kai kan wagashi, sannan in kashe kafin ƙarar ta fara.