Mai Alli da Daɓen Ɗakin Innata

Mai Alli ake ce masa, don ba a raba shi da guntun alli a bayan kunne. Shekara talatin ya yi yana durƙuso a ɗakunan mutane yana shimfiɗa musu tayil, har gwiwoyinsa suka ƙi. Da suka ƙi, sai ya koma bin tsofaffin gidajen da za a rushe. Yakan zauna a kan guntun katako da ƙaramar guduma da wani siririn ƙarfe, ya ɗago tayil ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya juya bayansa ya rubuta lamba. Waɗanda suka san shi sun ce ba ya ƙarya, ba ya kuma faɗin inda ya samo kaya. Ni da na ji haka cewa na yi to ai ɓarawo ma iyakar abin da yake yi ke nan.

Abin da ya kai ni wurinsa gyaran gida ne. Ɗana na fari ya tashi gyara mini ɗaki, ya kawo mini hotunan tayil na zamani, irin mai sheƙin nan da mutum ke ganin haɓarsa a ciki. Na ce ba na so. A kan irinsa maƙwabciyata ta zame ta karya ƙugu, ba ta sake tashi ba. Na ce tsohon tayil nake so, mai kauri, mai zane, wanda ƙafa ke kamawa, irin na ɗakin Innata. Na ce an ba ni labarin wani Mai Alli.

"Mama, wurin nan ƙura ce kawai da kaya na jibge," in ji ɗana. "Bari in kai ki babban shago, akwai sanyi, akwai kujera."

Sau uku ina cewa mu je, sau uku yana samun uzuri. Yau mota ba lafiya, gobe taro a ofis. Shekara ashirin da shida na yi ina buga takardu a ofis, na san yadda uzurin gaskiya yake fita daga bakin mutum. Ran na huɗu na sa takalmina na shiga motar na zauna, ya fito ya same ni a ciki.

Wurin fili ne da rumfar kwano a bayan wani garejin gyaran motoci. Tayil a jingine layi-layi, kowane tari an ɗaure shi da igiya. Mai Alli yana zaune yana kankare tsohon siminti daga bayan wani. Gajere ne, hannuwansa sun yi fari fat. Ya gaishe ni da ladabi. Amma ko kallon ɗana bai yi ba, shi ma ɗan nawa bai yi masa sallama ba. Baƙi biyu ba sa ƙin kallon juna haka. Na riƙe wannan a raina.

"Baba, ta yaya zan san tsoho ne?" na ce. "An ce wasunku shayi da baƙin mai suke shafa wa sabo."

"Ana yi," ya ce. Ya miƙo mini ɗaya. "Shafa tsakiyarsa, Mama. Kin ji ya ɗan lotsa? Ƙafa ce ta ci shi. Shayi ba ya yin haka."

Na bi layin ina dubawa. Mai kore, mai ruwan ƙasa, wani duk ya tsattsage. A tari na biyar na tsaya. Shuɗi ne da fari, ganye huɗu sun haɗa kai a tsakiya. Irin wannan zane ba gidanmu kaɗai aka yi wa ba, kuma gidan Inna yana can a kulle shekara tara tun rasuwarta. Mukulli biyu ne, ɗaya a wurin autanmu, ɗaya a rataye bayan ƙofar ɗakina.

"Wannan daga ina?"

"Daga wani ɗaki."

"Na san ba daga kogi ba. Ɗakin wa?"

"Ba na faɗa, Mama. Mutanen da ke sayar da daɓen gidansu ba don daɗi suke yi ba."

Ɗana ya matso ya ce ga wani can ya fi kyau, wannan duk tsatsa ce. Ni ban ga tsatsa ba a lokacin, don fuskar tayil ɗin farko kawai ake gani. Na tambayi kaina ina shi ya gan ta.

Na ce wa Mai Alli, tunda lamba yake sawa, ya shimfiɗa mini su a ƙasa yadda ya same su. Ya dube ni. Sannan ya kwance igiyar, ya ja katakonsa, ya fara jerawa yana duba bayan kowanne. Bai yi sauri ba, bai kuma tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai layi na shida sai ga su: tabon tsatsa huɗu, biyu a gaba biyu a baya, daidai ƙafafun keken ɗinkin Inna. A gabansu ga wurin da kujerarta ta goge zanen har ya kusa ɓacewa. A nan na koyi sa zare a allura.

"Ɓarawo," na ce masa, ban ɗaga murya ba. "Ka fasa gidan uwata."

"Ban taɓa fasa ƙofa ba," ya ce. "Buɗe mini aka yi, da rana tsaka, da mukulli."

"Autanmu ke nan. Dogo, mai furfura a gemu?"

"Na ce miki ba na faɗin mutum." Ya ciro allin daga kunne, ya juya shi, ya mayar. "Amma tunda kin kira ni ɓarawo, mukullin yana ɗaure da jan ƙyalle."

Ni na ɗaura wa mukullina ƙyallen nan da hannuna. Na juya. Ɗana, mutum mai 'ya'ya huɗu, yana tsaye yana ta dannar waya a kashe.

Abin da ya faɗa a mota ba shi da yawa. Wai rufin yana yoyo, gidan zai faɗi ko yau ko gobe, ba mai zama a ciki, gara a ci moriyar abin da ya rage. Wai da zai gaya mini. Na ce ya kai ni in gani. Rufin yana yoyo, wannan gaskiya ne. Ɗakin Inna ya koma rami-rami kamar bakin da aka cire wa haƙora. Ƙofofi da tagogi suna nan, amma na ga an auna su, ga zanen fensir a jikin katako. Ran nan na sa aka canza kwaɗo.

Yadda ɗana ya ƙare da Mai Alli ban tambaya ba, shi ya ɗaura shi zai kwance. Abin da na ce kawai, daɓen nan a ɗakina za a sa shi, kuma wanda ya cire shi ne zai mayar. Mai Alli ya zo da katakonsa ya yi kwana shida yana jan jiki. Lamba ta arba'in da bakwai ta fashe tun wurin cirewa, ya fito da ita gida biyu daga cikin tsumma ya haɗa. Ɗana ya ce a juya masu tsatsar zuwa ƙarƙashin gado. Mai Alli ya ce shi lamba yake bi.

Ran da ya gama na kawo masa ruwa, na ce, "Tun da na shigo ka gane ni, ko?"

"Akwai hotonki a bangon ɗakin mahaifiyarki," ya ce. "Kin fi haka gashi."

Har yau ban tantance ba ko da gangan ya bar tarin nan inda idona zai kai. Na tambaye shi, ya ce shi tayil ya sani. Sabon mukullin yana wuyana a igiya, da shi nake wanka.