Sun Datse Hotunanka, Aksel

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Aksel Thorup, mai ɗaukar hoton garinmu, yana da shekara saba'in da huɗu. Zuciyarsa ce ta tsaya a bakin tashar jiragen kamun kifi, yana tafe da ƙafa kamar kullum, kyamara a aljihun kwat. Matarsa Gudrun ce ta buga mini waya. Na zauna a kicin har kofi ya huce a gabana.

Editan wannan jarida ya ce in rubuta maka kalmomi masu sanyi, Aksel, tunda na san ka shekara arba'in. Na gwada, sun ƙi zuwa. Ni ba mai dogon karatu ba ce, daga aji bakwai na shiga gidan gyaran kifi, don haka zan faɗi abin da na gani yadda na gan shi.

Ranar da ka fara shigo mana, mu ashirin ne a jere a bakin tebur, kowa da wuƙarta. Mun saba da masu hoton babban birni, masu gilashin kyamara dogo kamar bututun murhu. Daga bakin ƙofa suke tsayawa, hanci a toshe, su ɗauke mu daga nesa kamar tsuntsayen teku. Kai kuwa ka zaro wata 'yar kyamara, gilashinta bai fi murfin kwalbar zuma ba.

Tove, wadda take gefena a tebur, ta ce, "Kai saurayi, ina sauranta? Ko a mota ka baro rabin?"

Ka ce, "Ita ke nan. Ba ta jawo mutum kusa, sai dai ni in zo."

"To zo mana, in ba ka gudun ƙarni."

Ka zo, har gwiwar hannuna tana bugun cikinka. Da ka tashi fita, ɓawon kifi ya cika gaban kwat ɗinka, ba ka ko karkaɗe ba. Daga ranar muka riƙa ajiye maka kofi da burodin hatsi a lokacin hutu.

Wannan ɗan gilashin shi kaɗai ka riƙe har ƙarshen ranka. Mai faɗin gani ne, yana kwashe ɗaki daga wannan bango zuwa wancan, ba ya barin kowa a waje. Amma yana da mugun hali ɗaya: duk wanda ya faɗa can gefen hoto sai ya buɗe ya yi faɗi. Da ka kawo hotunan farko, Tove ta duba nata ta ce, "Aksel, tsakaninka da Allah, ni ce wannan ko ƙofar gareji?"

Ka ce, "Gobe ki tsaya a tsakiya."

Ta ce, "Tsakiya ai ta manya masu farar riga ce. Ka taɓa ganin an sa mu a can?"

Ka mayar da kyamararka aljihu. Sai dai na lura, tun daga lokacin duk taron da aka kira ka, manya suna tsakiya, mu kuma muna nan a gefe, da bokiti da tsintsiya da tire. Kowane hoto da ka wanke da hannunka a ɗakin duhun bayan gidanka, kana barin siririn baƙin layi kewaye da shi, bakin fim ɗin kansa, wato ledar da kyamara ke ɗaukar hoto a kanta, shaidar cewa ba a rage komai ba. Editoci uku ka yi faɗa da su a kan wannan layin. Garin nan kaf an san ba a sa wa hoton Aksel almakashi.

Ni ma na taɓa yin faɗa da kai a kansa, kuma yau zan faɗa.

A Fabrairun 1994 jirgin mijina Ejnar ya nutse, da shi da mutum biyu a ciki. Ba a samu ko ɗayansu ba. Ejnar mutum ne da ya tsani kyamara, ko a hoton aurenmu ya kau da kai. Na wayi gari ba ni da kabarin da zan ziyarta, ba ni da fuskar da zan nuna wa ɗanmu in ya girma. Ban roƙe ka komai ba. Daga baya Gudrun ta gaya mini kwana sha ɗaya ka yi kana bin fim ɗinka ɗaya bayan ɗaya, har idanunka suka yi ja. Ran nan da la'asar ka ƙwanƙwasa mini ƙofa da ambulan a hannu. Hoton buɗe sabuwar gaɓar tasha ne: magajin gari a tsakiya yana yanka ƙyalle, ana tafi. Can a gefen hagu sai ga Ejnar zaune a kan akwatin kifi, yana ɗinkin raga, ya ba magajin gari baya, yana dariya da wani.

Bayan na gama kukana na ce, "Ka yanke mini waɗannan mutanen, ka ƙara girman Ejnar."

Ka ce, "Bodil, ba na yankewa."

Na ce, "Mijina ne ya mutu, ba magajin gari ba!"

Ka ce, "Na sani. Amma dubi yadda ya juya musu baya. In na cire su, wa ya juya wa?"

Na kore ka ran nan. Sati biyu ban gaishe ka ba. Hoton yana bangon ɗakina shekara talatin da ɗaya, kuma duk safiya sai na ga gaskiyarka. Wannan shi ne Ejnar.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci.

Ranar Litinin muka binne ka. Daga coci aka ce kowa ya wuce zauren majalisar gari a sha kofi, wai an shirya nunin hotunanka don girmama ka. Gudrun, cikin ruɗewar rashi, ta ba su guda talatin daga cikin waɗanda ka wanke da hannunka. Na shiga ina murna. Tun daga ƙofa na ga wani abu ba daidai ba. Hotunanka masu faɗi ne, waɗannan kuwa tsawonsu da faɗinsu ɗaya, cikin fararen firam iri ɗaya. Babu baƙin layi ko a guda. Kwamitin shirya nunin ya riga ya sayo firam, hotuna ba su shiga ba, sai aka sa reza aka datse su dama da hagu. Ba kwafi aka datse ba, Aksel. Aikin hannunka.

Na nemi hoton tasha. Ga magajin gari, ga ƙyalle, ga masu tafi. Babu Ejnar. Teku ta ɗauke shi sau ɗaya, ban yi mata faɗa ba, teku ce. Wannan karon mutum ne da reza da rula.

Troels, jami'in al'adu na majalisa, yana zagayawa da kofinsa yana karɓar yabo. Na riƙo hannun rigarsa.

Na ce, "Troels, wa ya yi wannan ɓarna?"

Ya ce, "Haba Bodil, gyara ne. An ɗan tsabtace su don su zauna daidai. Gefen ai babu komai."

"Babu komai?"

"Akwatuna ne, da bayan mutane, da tarkace."

Na ja shi zuwa hoton ziyarar minista a gidan kifi. A ƙasan gefen dama akwai hannu guda riƙe da wuƙa, an datse shi daga wuyan hannu. Na ce, "Hannun wa ne wannan?"

Ya ce bai sani ba.

Na ce, "Dagny ce. Kakarka. Ita ta goye ka lokacin da uwarka take asibiti. Ran nan tana da ciwon baya, ta ƙi zama saboda minista zai zo. Fuskarta tana nan a takardar da ka zubar."

Ya ajiye kofin. Ya ce zai duba kwandon shara. An riga an kwashe.

Ban ce Troels mugu ne ba. Amma mutum bakwai ne a kwamitin nan, dukansu 'yan garin nan, dukansu ka ɗauke su ranar aure ko ranar baftismar 'ya'yansu. Ba a samu ko ɗaya da ya ce a dakata ba. Sun tsaya a coci suna cewa kai ne idon garinmu, alhali sun riga sun cire rabin garin daga hotunanka. Ku ji kunya.

Abin bai ƙare ba. Majalisa ta aika wa Gudrun takarda, suna so ran Juma'a mai zuwa ta sa hannu ta miƙa musu akwatunan fim ɗinka sittin, wai don adanawa. Fim ɗin nan su ne kaɗai wurin da Dagny take da fuska yanzu. Gudrun, 'yar'uwata, kada ki sa hannu sai sun rubuta a takardar cewa ba za a fitar da hoton Aksel ko ɗaya ba sai da baƙin layinsa. In sun matsa miki, ki kira ni, zan zo in zauna a kan akwatunan.

Ku kuma mutanen gari, kusan kowane gida yana da hoton da Aksel ya ba mu, bai taɓa karɓar ko kwabo a hannun ma'aikaci ba. Ranar Asabar da ƙarfe biyu zan sauke nawa daga bango in kai zauren, in tsaya da shi kusa da wanda suka datse. Tove ta ce za ta zo a kan keken guragunta, da hotonta na ƙofar gareji a cinya. Duk mai hoto ya kawo nasa.

Aksel, ka yafe mini sati biyun nan. Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa. Ya ba Gudrun haƙuri da ƙarfin zuciya, ya dafa wa 'yarku Lene da jikokinka biyu, Asger da Ellen. Allah ya jiƙan Ejnar da Dagny da duk waɗanda ka ƙi bari a waje. Mu kuma ya sanyaya mana zuciya, amma ba kafin Asabar ba.

Bodil Vestergaard