Suman Rawya Ranar Layya

Rawya 'yar kawuna ce. Gida ɗaya muka tashi a Mansura, su a hawa na uku, mu a na biyu, kakarmu Teta Zakiya kuma a ƙasa, saboda ciwon gwiwa da kuma son ganin mai shiga da mai fita. Tun Rawya tana firamare mahaifiyarta, Tant Afaf, ta laƙaba mata Doktora, har mai burodin bakin layi haka yake kiranta. A wajenmu yaro mai ƙwaƙwalwa likita zai zama, in ya ɗan gaza ya yi injiniya. Sauran fannoni na waɗanda makinsu bai kai ba ne.

Rawya ba ta taɓa musa sunan ba. Dama ita ba ta gardama da kowa. Sai dai ka wayi gari ka tarar abin da take so aka yi, kai kuma kana ta murna cewa shawararka ce.

Kawu Fikri akanta ne a wani kamfanin cuku, ƙarƙashin wani attajiri mai tsawa da ko gaisuwa ba ya amsawa. Shekarar da Rawya take ajin kusa da na ƙarshe a sakandare aka sa kamfanin a kasuwa. Bankin da ke dillancin cinikin ya turo mutanensa daga Alƙahira, shugabarsu wata mace siririya mai suna Dalia. Wata rana Kawu ya manta tabaransa a gida, Rawya ta kai masa. A nan ta ga attajirin nan tsaye yana miƙa wa Dalia shayi da hannunsa, yana dariya tun ba ta ƙarasa maganarta ba.

Rawya ta jira matar a jikin motarta, ta tambaye ta abin da mutum zai karanta ya samu irin wannan aiki. Dalia ta ce tattalin arziki ko harkar kuɗi, da Turanci, kuma a Alƙahira, domin can bankunan suke, can ake samun gurbin koyon aiki lokacin hutu. Ta ce sunan jami'a yana buɗe ƙofa, amma ba ya zaunar da mutum a kujera. Rawya ta dawo gida ba ta faɗa wa kowa ba sai ni, ni ma da sharaɗin in na yi magana za ta gaya wa babana inda nake zuwa in an ce na tafi darasi.

Da sakamakon jarrabawa ya fito, makinta ya isa kowace tsangayar likitanci a ƙasar. Tant Afaf ta yi guɗa daga baranda, ta raba wa duk layin lemon sharbat, ta ma je ta yi cinikin farar rigar likita.

Ana cikin haka Sallar layya ta zo. Mahauci ya kwantar da ragon a zauren gidan kamar kullum. Rawya ce duk shekara take riƙe ƙafar baya, ita ke faɗa da mu a kan hanta. A wannan karon, wuƙa na sauka sai ta dafe goshi, ta ja da baya har bakin ƙofar Teta, ta zube a kan doguwar kujerar da ke wurin. Aka fasa albasa aka kai mata hanci, aka kwara mata turare. Da ta buɗe ido ta ce cikin 'yar siririyar murya ai ta jima tana ɓoyewa, yanzu ko jinin kaza ta gani ƙasa juya mata take.

Tant Afaf ta yi kuka ranar kamar an yi mata rasuwa. Washegari ta share hawaye ta ce to, a karanta harhaɗa magunguna, babu jini a ciki, kuma su ma Doktora ake ce musu. Wannan ne Rawya ba ta shirya masa ba. Ta zo ɗakina tana zagaye, tana tambayata ko akwai wanda aka taɓa ji ya suma don warin magani.

Da yamma Teta ta aika a kira ta, ni kuma ta ce in zauna in ɓare mata gyaɗa.

"Sannu da jiki, Doktora," in ji Teta. "Na ga kin gyara siket ɗinki kafin ki faɗi. Tarbiyya ta yi kyau."

Rawya ta sunkuyar da kai, sannan ta kwashe komai ta faɗa mata: Dalia, shayin attajiri, da tsangayar tattalin arziki ta jami'ar gwamnati a Alƙahira, tunda masu zaman kansu sun fi ƙarfin albashin Kawu. Teta ta tambaya ko aikin zama ne a bayan gilashi ana ƙirga kuɗin mutane. Rawya ta ce a'a, kamfani ne zai so sayen wani kamfani, ko ya nemi masu zuba jari, su kuma su shiga tsakani su daidaita farashi.

"Wato dillaliya," Teta ta ce. "Sana'a ce mai kyau. Amma uwarki ba za ta bar ki ki zauna a Alƙahira ke kaɗai ba."

Rawya ta ce ta sani.

"To ni zan bi ki. Tun da kakanki ya rasu nake so in koma kusa da ƙanwata a unguwar Shubra can Alƙahira, ubanki yana cewa gwiwa, gwiwa. Ki kai ni, in rufe bakina. In kin ƙi, yanzu in haura in ba Afaf labarin siket."

Haka aka ƙulla. A wajen cin abincin Juma'a Teta ta sanar cewa mai shagon magani tsayuwa yake yi wuni guda yana sayar da audugar jarirai, ita jikarta ba za ta yi wannan wahalar ba. Kawu ya kawo zancen haramcin kuɗin ruwa, Teta ta ce dillanci ne, ta tambaye shi ko shi da ya yi wata biyu yana ɗaukar wa mutanen bankin takardu ya ga an ba wani rance. Ya ce bai gani ba. Tant Afaf ta ce yarinya ita kaɗai a Alƙahira? Teta ta yi ajiyar zuciya, ta ce duk da tsufanta za ta sadaukar da kanta. Haka Kawu da Tant Afaf suka amince.

Karatun bai zo wa Rawya da sauƙi ba. Ta tarar da 'ya'yan masu kuɗi da suka tashi da Turanci a baki, suna yi wa lafazinta dariya. A shekarar farko ta faɗi kwas ɗaya, ta yi kukan gaske. Wuraren da ta nemi koyon aiki duk suka yi shiru, har sai da ta lalubo lambar Dalia. Matar ba ta tuna ta ba sam, amma ta ce ta zo a gwada ta, kuma a can Rawya ta samu aiki bayan ta gama karatu.

Yanzu ba mu cika ganinta ba, sai Sallah, shi ma rabin hankalinta na kan waya. Tant Afaf ta haƙura, duk da har gobe ba ta gane aikin ba, takan tura mata maƙwabta in na'ura ta haɗiye musu katin banki. Teta kuwa ta ƙi dawowa. Ita da ƙanwarta suna zaune a Shubra, iyaye mata suna kawo musu 'ya'ya neman shawarar jami'a, ita da ko firamare ba ta gama ba. Ta ce mini kowa ya zo takan fara tambayar yaron abin da yake so, bayan ta aiki uwar kicin ta dafa shayi.