Ragunan da shafin ya yanke wa kunne

Shekarun baya, da na dawo daga Libiya, ban tarar da kowa ba. Mahaifiyata ta rasu, matata ta koma gidansu. Na zauna ni kaɗai a Maijirgi. Wani abokina Bafulatani ya kawo mini raguna balami, ya ce in kiwata in sayar kafin layya mu raba riba. Bai nemi shaida ba. Lokacin shi kaɗai ya yarda da ni a garin.

Ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga aji ba. A salula na koyi haɗa baƙi, can Libiya, a gidan da aka tsare mu. Na ji ana cewa mutum zai iya buɗe shafinsa na intanet ya baje haja ba dillali, na ce zan gwada.

Da hantsi nakan hau tudun bayan gari, inda rezon waya ke kamawa. In jera hoto, in sa lambata a ƙasa. Akwai wata 'yar alamar ido a shafin da ake taɓawa ta nuna yadda baƙo zai gan shi. In na taɓa, sai in ga rubutu ya hau bayan rago, lamba ta gudu ta ɓuya. In gyara nan, can ya karkace. Duk bayanin da Faransanci yake. Ba wanda zan tambaya. Sai in sauko in zuba wa raguna harawa, in gaya musu yadda aka yi. Suna sauraro fiye da mutane.

Da rubutun ya zauna, na daina taɓa idon nan, don na gaji da shi. Na tura shafin cikin guruf ɗin 'yan kasuwar Tasawa da Maraɗi. Shiru. Sallah na matsowa, dusa na ƙarewa. Na fara tunanin da wane ido zan kalli abokina.

Sai wani Alhaji daga Maraɗi ya aiko da saƙon murya.

"Kai mai raguna, mi kake ɓoyo? Ba kunne, ba wutsiya, ba ƙafa. Da buhun gero zan yi layya?"

Na taɓa idon. Gaskiyarsa. Ni na matsa kusa na ɗauki hotunan don a ga ƙiba, shafin kuwa yana datse kowane hoto ya daidaita shi da 'yan uwansa. Tsakiya ya bari. Kowa ya san rago mai yankakken kunne ko gurgu ba ya layya. Duk wanda ya buɗe ya ɗauka aibi nake rufewa.

Na nemi inda ake hana shi yankan, ban samu ba. Na ce to, in yanka yake so, in ba shi abin yanka. Ba mai riƙe mini, sai na kafa turke a fili, na ɗaure rago, na ja da baya sosai. Yashi dama, yashi hagu. Shafin ya ci yashinsa ya bar mini rago cikakke. Kowanne na ƙara masa hoton haƙori.

Na sake turawa. Alhaji ya ce, "Yawwa, yanzu na ga rago. Ka yi mini tsada dai, ɗan Libiya." Shi ya ɗauki manyan, ya turo abokansa suka kwashe saura.

Abokina ya zo ya ga garke wayam. Ya ce, "Kaɗo, ashe kanka na aiki." Ya sha ruwa ya bi shanunsa.

Ran Sallah gidan ya yi tsit, ko tumbin rago babu. Har yau kafin in tura komai sai na taɓa idon nan na ga abin da baƙo zai gani. Shafin ragunan nan kuma ban goge shi ba. A kowane hoto akwai inuwata a kan yashi, hannu a sama riƙe da salula. Hotona na shekarun nan ke nan, ba ni da wani.