Zaren da ke bangon biro

Ku matso kusa, ƴan baya, ku ji abin da ya same ni wata Alhamis, ana saura kamar shekara biyu a sami mulkin kai. Har gobe ranar nan ba ta fita raina ba.

Lokacin ni planto ne a filin jirgin sama na nan Damagaram, wato ɗan aiken biro, ofis ke nan. Ban yi lakwal ba, wato karatun boko. Aikina shara, kai takarda, da korar mutane da dabbobi daga hanyar da jirgi ke sauka, tunda ba shinge a lokacin. Shef ɗinmu, wato shugabanmu, Bature ne, yana da taswira a bango, ya kafa ƙusa a kan garinmu, ya ɗaura mata zare mai ƙulle-ƙulle. In aka ce jirgi ya taso, sai ya ja zaren zuwa garin da ya baro ya ƙirga, kowane ƙulli rabin awa. Na yi ta kallo har na iya: Agadas ƙulli huɗu, awa biyu ke nan.

Ran nan ciwon haƙori ya kai shef likita. Ibrah mai rediyo ya leƙo ya ce jirgi ya bar Agadas ƙarfe tara. Na ja zare da kaina, ina jin ni ma wani ne, na ce sai sha ɗaya.

Goma ta gota kaɗan, sai ga Iya Hajo, wata tsohuwa daga wajen Tirmini, da mata da jakuna ɗauke da hatsi, za su kasuwa. Ta roƙe ni su yanke ta filin, ta ce zagaye ya yi wa ƙafarta nisa.

"Ɗana, ko abin naku ya kusa?"

Na ce su bi a hankali, da sauran lokaci.

Suna tsakiya na jiyo shi. Ni dai kunne Allah Ya ba ni. Ba ƙaramin nan mai inji ɗaya da muka saba ba ne, wannan murya biyu ce a haɗe. Na sheƙa ina ihu, matan suka watse, jaki ɗaya ya turje, Iya Hajo kuwa ta ƙi sakin igiyarsa. Na tuɓe riga ina kaɗawa sama. Jirgin ya sauko har ina ganin tayoyinsa sun nufo mu. Na runtse ido ina salati. Matuƙin ya gan mu, ya ɗaga, ya bi ta kanmu, iskarsa ta maka tsohuwar da ƙasa. Sai da ya kewaya sannan ya sauka.

Shef ya dawo da kumburarren kunci, bai ko ɗaga murya ba. Ya kai ni gaban taswira ya ce ƙulle-ƙullen nan da gudun ƙaramin jirgi aka yi su, babban yana cinye hanyar cikin awa ɗaya da minti ashirin. Ibrah ya san wanda ke tafe, ni ne ban tambaya ba. Aka dakatar da ni mako biyu. Tun daga nan na gane a aikin nan ganin yadda ake yi ba sanin dalili ba ne, kuma ban ƙara faɗin lokaci ba sai na tambayi wane jirgi ne.

Iya Hajo ƙugunta ya goce, da sanda ta ƙare rayuwarta. Duk inda ta gan ni sai ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, tana gaya wa mutane ga yaron da ya cece su. Har ta rasu ban iya buɗe baki na ce mata kuskuren lissafina ne ya jawo ba. Ku da kuka yi karatu, in ku ne, da kun gaya mata?