Gidan da aka ba ni a Bukoki

Lokacin da aka buɗe karatun likita a Yamai, mu ɗaliban farko kanmu ya rabu biyu. Kafin nan sai an tafi Dakar ko Faransa, can kuwa littafi ake fara haddacewa, sai an jima a taɓa majinyaci. Mu sai aka ce a'a, komai tare za a yi. In ana darasin jini da safe, da rana kana asibiti kana duban mai ƙarancin jini. Bayan haka aka ba kowa gida ɗaya cikin gari, ya riƙa zuwa duk Alhamis yana ganin abin da suke ci da ruwan da suke sha.

Ni ina cikin masu faɗa. Na ce da malaminmu ido da ido, ban bar garinmu don in zo yawon shan fura gida-gida ba. Tsoronmu shi ne a ce takardarmu ba ta kai ta Dakar ba. Wasu kuma suka ce karatun ya fi zama a kai haka. Kullum muna wannan gardama a kan gadar kogi, har mu isa unguwar Kirkisoy ba mu gama ba.

Gidan da aka ba ni a unguwar Bukoki yake, na wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, baƙo daga wajen Maradi, wanda ya fi kwana a hanya. Matarsa na da ɗiya biyu. Ƙaramar kullum tana goye. Babbar kuwa, mai kamar shekara biyar, ban taɓa jin ta kira sunanta ba. Sai dai ta ce "ke" ko "waccan". Ɗiyar fari ce, kuma a wajensu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne a gaban mutane. Amma na lura tsokar da ta fi kyau a miya, kwanon "waccan" take faɗawa.

Da damina zazzaɓi ya kama yarinyar. Ran nan na shiga ɗakin yara a asibiti, sai ga ta kwance, tafin hannunta fari fat, tana numfashi sama-sama. Jini take buƙata a ranar. A lokacin kuwa in ba dangi sun bayar ba, babu inda za a samo.

Likitan ɗakin anasara ne, bai daɗe da zuwa ba, mutumin kirki amma mai gaggawa. Ya sa an tambayi matar ko ita ce uwar. Ɗaki cike da mutane! Ta juya fuska bango. Aka sake tambaya, ta ce mai gidan yana hanya. Sai likita ya ce mini maƙwabciya ce kawai ta kawo ta, a tafi neman iyayen.

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce masa, "Uwar ce. Na san gidan."

Ya ce, "To me ya hana ta faɗa?"

Na ce zan yi masa bayani in an gama. Na je na tsuguna kusa da ita, ban dubi gadon ba. Na ce, "Yaya, akwai wata yarinya nan da ke son jini. Ba sai dangi ba, ko mai wucewa yana iya taimakawa don Allah."

Ta kwance goyonta ta miƙa mini, ta bi mai ɗibar jini. Aka gwada, ya dace.

Gardamarmu ba ta ƙare ba, har muka gama karatu. Ni ma ban janye duka ba, don jarrabawa ta wahalshe mu ƙwarai, kuma Alhamis ɗin nan ta ci mana lokaci. Amma daga ranar ban sake cewa yawon shan fura ba.

Washegarin ba da jinin na tarar da matar a bakin ƙofar ɗakin, a waje, da ƙwarya rufe da faifai. Idonta ya kumbura. Yarinyar ta farfaɗo, har ta zauna tana neman ruwa, amma uwar ba ta shiga ba, don mutane sun cika ɗakin. Ta miƙo mini ƙwaryar, tana kallon ƙasa.

Ta ce, "Kai wa yarinyar mutanen nan. Ba ta son kunu da tsami da yawa."