Ƙararrawar Usta da shanun mahaifina

Shekarun da nake tuƙi a ofishin jakadancinmu a unguwar Dokki ta babban birnin Masar, a unguwar Faisal nake haya, don albashin direba bai isa Dokki ba. A ƙasan benenmu akwai wani makaniki mutumin Sifen, wanda ya biyo manyan motocin da ƙasarsu ta sayar wa Masar. Kowa Usta yake ce masa, wato ƙwararren mai sana'a. Larabcinsa gurgu, nawa ma ɗingishi yake, amma hira ba ta taɓa gagararmu ba.

A bayan ƙofarsa akwai wata tsohuwar ƙararrawar ƙarfe a rataye, an cusa mata tsumma a ciki. Na sha tsokanarsa cewa wannan ai kurma ce, me ake yi da ita? Sai ya ce ma'alish, wato ba komai, ya zuba mini shayi.

Ana nan sai wani ɗan kasuwar garinmu ya zo da saƙon baffana. Fari ya taɓa shanun da mahaifina ya bari, gonaki sun cinye burtali, don haka a sayar da garken, a sayi mota, a kai Inna birni ta huta. Ni ne babba, tawa ake jira. Raina ya ɓaci, domin Inna tun tana yarinya take tatsa, kuma a duk saƙon ban ji inda aka tambaye ta ba.

Da la'asar na sauko na zazzage wa Usta. Ina faɗin burtali ina kwatanta shi da hannu, sai ya ajiye kofi ya ce su ma suna da shi. Ashe ɗan makiyayi ne! Ya ce ƙasarsu ba ɗaya ba ce. Arewa ruwa da ciyawa da masunta, kudu zaitun da manyan gonakin masu hali, tsakiya kuwa tudu ne fetal, sanyi ya kashe ka, zafi ya gasa ka. Su 'yan duwatsu ne. In sanyi ya gabato sai ubansa ya kora tumaki kudu, tafiyar makonni, a kan hanyoyin da sarakunan dā suka keɓe, don gashin tumaki ne ya azurta ƙasar a lokacin. Har ta tsakiyar babban birninsu wata hanyar ta ratsa. Na ce kai Usta, ban da ƙari. Ya rantse da kabarin uwarsa.

Daga baya masana'antu suka buɗe, samari suka watse, wasu Basalona, wasu Jamus, wasu aikin otal a bakin teku. Shi Usta ne ya matsa aka sayar da tumakin, ya ɗauko uban nasa ya ajiye a bene a birni. Tsohon bai yi ƙorafi ba. Yakan dai tashi da asuba ya sa takalmi, ya zauna a bakin gado, bai kuma daɗe a duniya ba. Ƙauyen yanzu ba hayaƙin kowa. Ƙararrawar ta ragon da ke jan garken ce.

Na tambaye shi, to ni yaya zan yi?

“Ka sayar,” in ji shi. “Da kuɗin tumakin na koyi aikin nan. Ban taɓa kwana da yunwa ba.”

Na dubi bakinsa, na dubi tsumman nan. Ni direba ne, na san motar da ke nuna dama ta karya hagu. Na ce masa khalas, shi ke nan, ba zan sayar ba sai Inna ta ce a sayar. Ya kira ni mai taurin kai. Amma ranar da zan tafi hutu, ya ciro ƙararrawar ya jefa mini a jaka, da tsummanta.

A gida baffa ya yi ta faɗa, na bar shi ya gaji. Na tambayi Inna a gabansa. Ta ce in an kai ta birni, wa za ta gaisar da safe? Magana ta ƙare. Muka rage bijimai biyu don sayen dusa, na ɗauki nauyin sauran daga albashina, kuma har yau ban yi nadama ba. Na zare tsumman, na ɗaura wa farar saniyar da ke gaba. Inna ta ce wannan abu ya cika surutu, amma da ƙanena ya zo kwancewa sai ta buge masa hannu.

Kafin in dawo na ari rikoda, na ɗauki fitar garken da safe a kaset. A ɗakin Usta na kunna, ban gaya masa komai ba. Kukan shanu ya fara, da muryar Inna tana kira, sai ga ƙararrawar, ƙwal, ƙwal, tana nisa. Ya tashi ya je taga ya ba ni baya. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Kaset ya ƙare, bai juyo ba.

“Mayar da shi farko,” ya ce.